Ajayi Crowther: Dattijon da Bai Ajiye Kayan da Ya Ɗauka Ba

A zangon karatun da ya wuce na yi wani abin da har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. 'Yan uwa a zumuntar ɗalibai Kirista sun ba ni riƙon littafin kuɗi, na kuma karɓa da bakina. Wata rana ana cikin taro sai wani ya miƙe ya ce lissafin bai cika ba, ya yi maganar ta yadda kowa ya juyo yana kallona. Ni dai na san ban ci ko kwabo ba, rasit ɗaya ne ya ɓace. Amma raina ya ɓaci, na ajiye littafin a kan benci, na yi ficewata, na kashe waya. Sati uku ban leƙa ba. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, akwai gudummawar da aka tara wa wata 'yar uwa da ke kwance a asibiti, kuma ba a iya fitar da kuɗin sai da sa hannuna. Fushina ya sa ta jira kwanakin da bai kamata ta jira ba.

Da na koma gida hutu na ba kawuna labari, ina tsammanin zai goya mini baya. Tsohon malamin firamare ne, ba shi da yawan magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na san yadda Bishop Crowther ya ƙare rayuwarsa. Na ce na san shi mana, ai mun haddace sunansa don jarrabawa: bishop baƙar fata na farko a ɗarikar Angilika, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. Kawu ya ce wannan kan labarin ne kawai, in je in nemi gangar jikinsa. Abin da na samo ke nan nake so in raba da ku a wannan shafi.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, a ƙasar Yarbawa. Lokacin daular Oyo tana rugujewa, yaƙi ta ko'ina, kamun bayi kuma ya zama sana'a. A 1821 mahara suka faɗa wa garinsu, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Yana da shekara goma sha biyu ko sha uku. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa. Aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, wani karo ma da doki aka musanya shi, har ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko, wato Legas ta yau. Suka loda shi cikin jirgin ruwa tare da mutum sama da 180, za a haye da su teku.

A watan Afrilu na 1822, jirgin bai yi nisa ba, sojojin ruwan Ingila masu sintirin hana cinikin bayi suka tare shi. Aka kwashe su zuwa Freetown a ƙasar Saliyo, inda ake sauke waɗanda aka ceto. Yaro ne da ba uwa ba uba, ba ya jin yaren kowa. A nan 'yan mishan na ƙungiyar CMS suka karɓe shi. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ga abin da zai ba mu sha'awa mu 'yan kwalejin fasaha: kafin ya zama malami ko fasto, sai da ya koyi aikin kafinta. Ya san zarto da guduma, ya san cewa in ka auna katako da ha'inci, ƙofa ce za ta tona maka asiri ranar da aka zo rufe ta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin coci a Landan. A 1827 da aka buɗe kwalejin Fourah Bay, sunansa ne na farko a rajista. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ceto ta, aka yi mata baftisma da suna Susan. Sun zauna tare kimanin shekara hamsin, mutuwa ce ta raba su a 1880.

Daga ranar baftismarsa zuwa ranar mutuwarsa shekara 66 ke nan. Duk tsawon wannan lokaci aiki ɗaya ya riƙe, a ƙarƙashin ƙungiya ɗaya. Ku riƙe wannan lissafi, domin za mu dawo kansa.

A 1841 gwamnatin Ingila ta tura jiragen ruwa uku masu tururi su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi a koma noma da kasuwanci. CMS ta sa mutum biyu a tafiyar: wani Bajamushe, James Frederick Schön, da Crowther. Wannan Schön shi ne daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, don haka mu masu karatu da rubutu da Hausar boko muna da alaƙa da wannan tafiya. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya kwantar da kusan dukan Turawan, sama da 40 suka mutu. Gonar gwaji da suka buɗe a Lakwaja ta watse. Crowther ya yi jinyar marasa lafiya, ya yi tafinta, kuma bai fasa rubuta abin da ya gani kowace rana ba. Da aka buga littafin tafiyar tasu a 1842, manyan CMS suka ga irin hankalinsa da tsarinsa, suka kira shi Ingila ya ƙara karatu. A 1843 aka naɗa shi limami. A shekarar ce kuma ya fitar da littafinsa na kalmomin Yarbanci.

Abin lura a nan, ba wani wa'azi mai girgiza jama'a ne ya ɗaga shi ba. Littafin rubuta abubuwan yau da kullum ne, wanda ya cika da gaskiya a cikin jirgin da mutane ke mutuwa, lokacin da ba mai tsaya masa a kai. Kun san labarin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 25, na maigidan da ya raba wa bayinsa dukiya ya yi tafiya. Wanda aka yaba wa a ƙarshe, a kan ƙaramin abin da ya riƙe da aminci aka yabe shi, sannan aka ɗora shi a kan babba. Haka ta faru da Crowther.

A 1846 ya isa Abekuta tare da Henry Townsend don kafa aikin mishan. A nan ne abin da bai taɓa zato ba ya faru: bayan shekara 25, ya haɗu da mahaifiyarsa, Afala, da 'yan uwansa mata. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma da suna Hannatu. Ta zauna a hannunsa yana kula da ita har ta rasu a 1883, shi kansa lokacin ya haura shekara saba'in. Na tsaya a kan wannan domin akwai masu himmar aikin coci da gidajensu ke kuka da su. Shi dai bai bar ɗaya don ɗaya ba.

Sunansa ya yi ta tashi. A 1851 har Sarauniya Victoria ta karɓe shi a fadarta, ya yi mata bayanin halin da ƙasarsa ke ciki. A 1854 ya sake hawa Kwara da Binuwai tare da Dokta William Baikie. A wannan karon an sha kwinin a kai a kai, ba wanda ya mutu. A 1857 CMS ta ɗora masa jagorancin sabon aikin mishan na kogin Kwara, aikin da kusan duk ma'aikatansa 'yan Afirka ne daga Saliyo. Ya sauke Fasto J. C. Taylor a Anacha, shi kuma ya wuce gaba zuwa ƙasar Nufe.

To, a nan ne gwaji ya fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoba na 1857 jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse kusa da Jabba ya nutse. Sun tsira da rayukansu, amma suka maƙale a bakin kogi, sai bayan kimanin shekara guda wani jirgin ya zo. Ku yi tunani, mu da yajin aiki na wata uku ke sa mu manta inda muka ajiye littattafanmu. Crowther ya mai da zaman jiran nan makaranta. Ya duƙufa koyon Nufanci, yana tattara kalmomi, yana ziyartar Raba, yana sanin mutane da sarakunansu. Daga wannan zama ne littafin koyon karatun Nufanci na 1860 ya fito, da nahawu da jerin kalmomi na 1864. Tun 1857 ma ya riga ya fitar da na koyon karatun harshen Ibo.

Gwaji na biyu ya fi taɓa ni. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Legas. Cikin abin da ya ƙone har da rubuce-rubucensa na fassarar Littafi Mai Tsarki da bai kai ga bugawa ba, da kalmomi da karin maganar Yarbanci da ya shekara goma sha ɗaya yana tattarawa daga bakin dattawa. Zamanin ba kwamfuta, ba inda za ka adana kwafi. Duk wanda ya taɓa rasa aikinsa na kammala karatu saura sati ɗaya a miƙa, ya ninka wannan baƙin cikin sau ɗari. Mutumin nan ya haura shekara hamsin, ya ɗauki alƙalami ya soma daga farko. A 1884 aka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, aikin da shi ne ƙashin bayansa. Fiye da shekara ashirin ke nan bayan gobarar. Don kwatanci, namu na Hausa cikakke sai a 1932 ya fito.

Yadda ya yi fassarar ma darasi ne. Ba ya ɗaukar kalma don ta zo masa da sauƙi. Yakan zauna da dattawa, da masu addinin gargajiya, da malaman Musulunci, ya saurari yadda suke amfani da kalma kafin ya sa ta a takarda. Ya kuma dage a riƙa sa alamomin karin sauti a rubutun Yarbanci, don kada mai karatu ya karanta wata kalma a madadin wata. Aiki ne mai cin rai wanda ba mai tafa maka a kai, amma har yau ana cin moriyarsa.

Sakataren CMS a Landan, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikilisiyar Afirka dole ta tsaya da ƙafarta, ta ciyar da kanta, ta mulki kanta. Shi ya matsa a naɗa Crowther bishop. Crowther bai nema ba, ya ma yi ta nuna ba ya so, don ya san wasu Turawan mishan, har da abokin aikinsa Townsend, ba za su yarda baƙar fata ya shugabance su ba. Da Venn ya nace, ya karɓa. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babbar majami'ar Canterbury, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin dokta a fannin tauhidi. Cikin taron akwai Henry Leeke, jami'in sojan ruwan da ya ceto shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce, da kuma matar da ta koya masa baƙaƙe a Saliyo. Sai dai an yanka masa yankin aikinsa ta yadda Turawan mishan na ƙasar Yarbawa ba sa ƙarƙashinsa. Ya ga wannan sarai, bai ce uffan ba, ya kama aiki.

Aikin kuwa ba na zama a ofis ba ne. Daga Bonny da Brass a bakin teku har ƙasar Nufe, ɗaruruwan mil ne na ruwa. Shekara da shekaru ba shi da jirgin kansa, sai ya jira na 'yan kasuwa, wanda ke hawa kogin lokacin cikar ruwa kawai. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, a yankin Idah, ya tsare shi da ɗansa Dandeson, ya kwashe kayansu, ya nemi kuɗin fansa masu yawa. Sun yi kwanaki a tsare. Mataimakin jakadan Ingila da ke Lakwaja, William Fell, ya zo ceton su, aka harbe shi da kibiya mai dafi ya mutu. Wani da ya sha irin wannan da ya ce ya isa haka. Crowther ya ci gaba da bin wannan kogin har sama da shekara ashirin bayan haka.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da nake so abokan karatuna Musulmi da Kirista mu duba tare, tunda ɗaki ɗaya muke kwana, aji ɗaya muke zama. Crowther ya yi hulɗa ta shekaru da Etsu Masaba na Bida. Sarkin Musulmi ne, shi kuwa bishop ne mai wa'azin bishara, kuma ba wanda ya ɓoye wa ɗan uwansa abin da ya gaskata. Amma sarkin ya amince da shi har yana ba shi saƙo zuwa ga hukumomin Ingila, su ma suna ba shi nasu ya kawo Bida. Dalili ɗaya ne: saƙon da aka ba shi yana isa yadda aka ba shi. A fadar Ilori ma an taɓa yi masa tambayoyi masu wuya a kan Almasihu a gaban jama'a. Ya amsa daga Littafi Mai Tsarki, bai zagi addinin kowa ba, bai kuma rage nasa don ya faranta wa fada rai ba, aka rabu da mutunci. A shekarun 1880, da barasar Turawa ta fara lalata mutanen Nufe, Etsu Maliki ya aika wasiƙa yana neman Crowther ya kai kukansa Ingila a hana shigo da ita. Ka ga, da sarki ya rasa wanda zai ba amanar kukan talakawansa, bishop ya tuna. Kalmar amana ai ta mu duka ce, kuma duk wanda ya riƙe ta, ba sai an tambayi addininsa ake gane shi ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ba shi da aibu ba. Yana da shi, kuma ya jawo masa. Mutum ne mai sanyin hali, mai saurin yafiya, ba ya son korar ma'aikaci. Tashoshinsa sun yi nisa da juna, shi kuma yawanci yana Legas, ga albashin ma'aikata bai taka kara ya karya ba. Wasu cikinsu suka shiga kasuwanci, wasu suka faɗa cikin abin kunya. A Anacha har an taɓa dukan wata yarinya ta mutu a hannun mutanen da ke da alaƙa da mishan, maganar ta kai kotu. Waɗannan abubuwa sun faru da gaske, kuma tsawatarwar da ta kamata ba ta zo da wuri ba. Wannan ma darasi ne ga duk mai riƙe da shugabanci a cikinmu: tsare hannunka daga kuɗin jama'a rabin amana ne, sauran rabin shi ne sa ido a kan waɗanda ka ɗora a kan aiki.

Henry Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya. Turawa sun fara rabon Afirka, ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi. Kamfanin George Goldie, wanda ya sami izinin sarauta a 1886, ya ture 'yan kasuwar Afirka daga kogin. A cikin mishan ma aka fara zare wa bishop iko kaɗan-kaɗan, musamman harkar kuɗi. Sannan wasu samarin Turawa masu zafin himma suka iso, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka sauka a Lakwaja da burin shiga ƙasar Hausa, suna koyon Hausa, suna sa riguna irin namu. Ba za a ce ba su da kishin addini ba, amma sun zo da raini. Suka dubi aikin shekara talatin suka ce duk ruɓaɓɓe ne.

A watan Agusta na 1890 aka yi zaman kwamitin kuɗi a Anacha. Crowther ne shugaban zaman, yana da shekara tamanin da 'yan kai. A gabansa samarin nan, waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da ya fara hawa kogin, suka yi ta dakatar da fastocin da shi ya naɗa, ba tare da bin ta kansa ba. Sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da ɗansa Dandeson, wanda babban limami ne a yankin bakin teku. Mai laifi da marar laifi aka haɗa aka share. Dattijon ya sauka daga shugabancin kwamitin.

Nan ne wurin da kawuna yake so in gani. Crowther ya bar kujerar da aka mai da ita abin wasa, amma bai bar aikin ba. Yana da duk abin da ake bukata don ya fasa ikilisiya gida biyu: suna, da magoya baya a Legas da Saliyo da ransu ya ɓaci ƙwarai, da hujja a hannu. Bai yi ba. Bai fita daga ɗarikarsa ba, bai bi gari yana zagin waɗanda suka ci masa fuska ba. Ya rubuta bayaninsa zuwa Landan ta hanyar da aka saba, ya kare ma'aikatansa da yake ganin an zalunta, ya ci gaba da ziyartar ikilisiyoyin bakin teku. Ya goyi bayan shirin su riƙe kansu da kuɗinsu amma su zauna cikin ɗarikar Angilika, shirin da ya tabbata a 1892 a ƙarƙashin Dandeson. Shi bai ga ranar ba. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba na shekarar.

Bai mutu da yabo a kunnensa ba. Wanda aka naɗa a gurbinsa Bature ne, kuma sai da aka yi kusan shekara sittin kafin ɗan Afirka ya sake riƙe cikakkiyar kujerar bishop ta Angilika a ƙasar nan. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba su kai ga burinsu na ƙasar Hausa ba. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe Crowther, Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya amsa cewa an zalunce shi, ya nuna tuba a madadin ikilisiya. Sama da shekara 122 ke nan bayan an binne shi. Jikansa kuwa, Herbert Macaulay, wanda ya karanci aikin injiniya da safiyo, shi ne ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya.

Da na gama bin labarin nan sai na dawo kan kaina. Ni rasit ɗaya aka tuhume ni a kai, a ɗaki mai mutum talatin, na jefar da littafi na tafi. Na ɗauka ina kare mutuncina ne. Ashe abin da na yi shi ne na nuna cewa riƙon da nake yi wa aikin, don a ce na iya ne. Da yabon ya yanke, sai igiyar ta tsinke. Wanda ya tuhume ni bai yi asarar komai ba, marar lafiya ce ta biya kuɗin fushina.

Abin da na fahimta daga rayuwar Crowther shi ne, amincin Kirista yana da wanda ake yi dominsa, kuma ba kwamiti ba ne. Mun gaskata cewa Allah mai aminci ne, ba ya fasa alkawarinsa don mu mun kasa. In haka ne, wanda ya ce yana bin sa ba zai ɗaura cika alkawarinsa a kan yadda mutane suka yi masa ba. Shi ya sa mutumin nan ya iya koyon Nufanci a bakin kogin da jirginsa ya nutse, ya iya sake rubuta abin da wuta ta ci, ya iya ci gaba da kiwon ikilisiya bayan yaran da ya isa ya haifi iyayensu sun wulaƙanta shi. Shekara 66 ɗin nan da na ce ku riƙe, ba a jere suke da daɗi ba. Kuma aminci bai hana shi faɗin gaskiya ba, ai ya sauka daga kujera, ya kuma rubuta ƙorafinsa. Bambancinsa da ni, shi ya san abin da ake ajiyewa da abin da ba a ajiyewa. Kujera ana iya barinta. Mutanen da suka dogara da kai kuwa ba a barinsu a tsakiyar ruwa.

Mu nan makaranta muna yawan jira sai babban abu ya zo sannan mu nuna halinmu. Gaskiya babu wani babban abu da ke zuwa wanda ƙananan ba su riga sun yanke hukuncinsa ba. Ka ce za ka zo gwajin waƙa ƙarfe huɗu, ka zo. An raba aikin rukuni, ka kawo naka kason, kada ka bari mutum ɗaya ya kwana yana yi sannan ka zo sa suna. Ka ari kalkuleta ko allon zane, ka mayar yadda ka karɓa. A ɗakin gwaji, ka rubuta adadin da na'ura ta nuna, ko da bai yi daidai da na littafi ba, domin gobe gada ce ko wayar wuta ko maganin wani za a ba ka, kuma hannun da ya saba gyara lamba ba ya mantawa. Masu neman ƙuri'unmu a zaɓen ƙungiyar ɗalibai, ku ma da ku nake: alkawari kaya ne, kuma ranar da za a zage ku a kan abin da ba ku yi ba tana nan tafe. Ranar ce za mu san ko don mu kuka tsaya.

Ni dai da aka dawo hutu na je na sami shugabannin zumunta na ba su haƙuri, na kuma je wurin 'yar uwar nan, wadda Allah ya ba ta lafiya, na faɗa mata gaskiyar abin da ya jinkirta kuɗinta. Wannan ya fi komai yi mini nauyi. Rasit ɗin har yau bai fito ba, na bi sawun kuɗin wurin mai shagon da muka yi hayar kujeru, ya sake rubuta mini wani. Wanda ya tuhume ni bai ba ni haƙuri ba, wataƙila ma ba zai bayar ba. Littafin yana hannuna har ƙarshen wannan zango, kuma yanzu kowane rasit sai na ɗauki hotonsa a waya kafin in sa shi a jaka.